Tarihin Bakin Ruwa a Ƙasarmu

Kowa ya san bazara. Rana takan buɗe tun da hantsi. Iska takan yi zafi kamar daga maƙera ta fito. Aikin gona bai kama ba tukuna. A irin wannan lokaci babu abin da ya fi daɗi kamar mutum ya samu inuwa a bakin ruwa, shi da abokansa. Su shimfiɗa tabarma, su ɗora shayi, su yi ta hira har rana ta yi sanyi.

Waɗanda suka je ci-rani Ikko ko Kwatano ko Lome sun ga yadda mutanen can suke yi. Ranar Lahadi sukan fita bakin teku da abincinsu. Wasu su yi wanka, wasu su yi ƙwallo, wasu su kwanta a kan rairayi. Turawa ma haka suke yi. Amma ko a Faransa, da can masu hali ne suka san wannan daɗi. Sai a 1936 aka yi doka wadda ta ba ma'aikata hutun mako biyu kowace shekara, kuma ana biyansu albashinsu. Daga nan ne talakawa suka soma cika bakin teku.

Nijar ba ta da teku. Mu nan Gamu da Kelle da Gure, ruwan da muka sani shi ne na rijiya, sai kuma tabkin damina wanda yakan ƙafe bayan kaka. Saboda haka wani zai ce mu ba mu da tarihin bakin ruwa. Muna da shi, mai tsawo kuwa. Gabas da mu akwai Tabkin Cadi. Sarakuna sun huta a bakin ruwan wannan ƙasa, fatake sun sauke kaya, yara sun yi iyo. Amma bakin ruwan nan ba ya zama wuri ɗaya. Yakan zo, yakan tafi. Ga labarinsa.

Lokacin da ruwa ya rufe ƙasa

Masu binciken ƙasa sun gano cewa wajen shekara 7,000 da suka wuce, ruwan sama yana da yawa ƙwarai a nan. A lokacin, faɗin Tabkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 350,000. Murabba'in kilomita ɗaya shi ne fili mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin kilomita ɗaya. Wato ruwan ya fi rubu'in ƙasar Nijar duka girma.

Yaya aka sani? Ruwa yakan bar sawunsa. Akwai wani dogon tudun rairayi da ya bi ta Bama da Maiduguri a Nijeriya. Wannan tudu shi ne tsohon bakin tabkin. A arewacin ƙasar Cadi kuma akwai wani kwari mai suna Bodele. Da can nan ne ruwan ya fi zurfi. Yau busasshen wuri ne mai farar ƙasa, kuma daga can iska take kwaso mafi yawan hazon da yake rufe mu da ɗari. Ashe ƙurar da muke shaƙa cikin hunturu, taɓon tsohon tabki ce.

Mutane kuwa suna zaune a bakin ruwan nan tun wancan zamani. A 1987 wani Bafillace yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta Nijeriya, sai ya ci karo da wani babban icce a ƙarƙashin ƙasa. Da aka tono shi, aka ga kwalekwale ne. Tsawonsa ya wuce mita 8. Da aka auna shekarunsa, aka samu ya kai wajen shekara 8,000. Babu kwalekwalen da aka taɓa samu a Afirka wanda ya fi shi tsufa. Ku duba, jama'a. Tun kafin a san doki ko raƙumi a ƙasar nan, akwai masu sassaƙa jirgi.

Daga baya ruwan sama ya ragu. Tabkin ya yi ta ja da baya, rairayi ya biyo sawunsa.

Gambaru, inda sarakunan Barno suke shan iska

Ko da tabkin ya ragu, shi ne cibiyar manyan dauloli biyu, Kanem da Barno. Ƙasarmu ta Muniyo ma ta daɗe tana bin Barno. Wajen 1470 Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu kusa da kogin Komadugu, wanda yake gangarawa cikin tabkin. Kufan birnin yana nan cikin Nijeriya, ba nisa da iyakarmu.

Birni wurin mulki ne, da kasuwa, da hayaniya. Don haka aka gina wa sarakuna wani gida a Gambaru, daidai bakin kogi, tafiyar kamar sa'a guda a ƙasa daga birnin. Da ƙonannen tubali aka gina shi, abin da ba a saba gani ba a ƙasar. Ana cewa mahaifiyar Mai Idris Aloma ce ta sa aka gina, fiye da shekara 400 da suka wuce. Can ne sarki yakan fita da mutanensa, ya sha iskar kogi, ya huta da shari'a da maganar yaƙi.

A 1808, lokacin jihadi, aka ci Birnin Gazargamu da yaƙi. Ba da daɗewa ba birnin ya watse, Gambaru ma ta zama kango. Shehu Laminu ya kafa sabon birni a Kukawa a 1814, kusa da tabkin kansa.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Denham ya ga kangon Gambaru a 1823, sa'ad da ya bi rundunar Shehu zuwa ƙasar Manga. Ya tarar da katangun jan tubali a tsaye, ga kogi cike da kifi, amma babu masu gida. Ya ba da labarin wani tabki a nan kusa mai dorina da yawa. Ya ce da runduna ta bi bakin ruwan ana kaɗa ganguna, sai dorinar suka yi ta bin kiɗan, suna ɗago kai.

Mu lura da abu ɗaya a nan. Ruwan Gambaru bai ƙafe ba a 1808. Zaman lafiya ne ya ƙare, sai wurin hutu ya zama wurin namun daji.

Abin da matafiya suka gani

Denham ɗin nan da abokan tafiyarsa biyu sun ƙetaro hamada daga Tarabulus, ta Bilma. Ranar 4 ga Fabrairu 1823 suka hango tabkin daga wani gari mai suna Lari, a wajen ƙasar Ngigmi ta yanzu. Bayan watanni cikin rairayi da ƙishirwa, sai ga ruwa iyakar ganin ido. Denham ya ɗauki bindiga ya gangara bakin ruwa don ya harbi tsuntsu. Ya iske dinya da agwagin ruwa da kwasakwasa ba iyaka. Ba su san tsoron mutum ba. Sukan ɗan matsa kawai su ba shi hanya. Sai ya samu wuri ya zauna yana kallo, ya daɗe bai ɗaga bindigar ba.

Bayan shekara 28, a 1851, wasu Jamusawa biyu suka iso. Ɗaya shi ne Bart, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdulkarim. Ɗayan sunansa Overweg. Sun zo da jirgin ruwa tun daga Tarabulus, an rarraba shi an ɗora wa raƙuma. A bakin tabki aka haɗa shi. Overweg ya shiga ya yi makonni yana yawo cikin tsibiran Buduma. Ya rasu a 1852 a ƙauyen Maduwari, aka rufe shi kusa da ruwan.

Shi kuwa Abdulkarim, a kan hanyarsa ta zuwa Kanem a 1851, ya ƙidaya giwaye 96 cikin garke ɗaya suna gangarawa ruwa. Ya ga garin Ngigmi a wannan tafiya. Da ya sake biyowa a 1855, ya tarar ruwa ya cinye garin, mutane sun hau tudu sun yi sabon zama. Wannan Abdulkarim ya zo har nan ƙasarmu. A watan Disamba 1852 ya sauka Gure, ya gai da Muniyoma, kafin ya wuce Damagaram.

Bayan shekara 50 da ɗoriya labari ya sake. Wani hafsan sojan Faransa mai suna Tilo ya zo auna iyaka tsakanin 1906 da 1909. Ya tarar da arewacin tabkin ya bushe. Inda jirgi ya bi a da, raƙumi ne yake bi.

Me ya sa haka? Dalili biyu ne. Na ɗaya, tabkin ba shi da zurfi. Kamar faranti yake, ba kamar tulu ba. In ruwa ya ƙaru kaɗan, sai ya malala nesa. In ya ragu kaɗan, sai ya bar fili mai yawa. Na biyu, ruwansa daga nesa yake zuwa. Wajen kashi tara cikin goma kogin Shari da Logon ne suke kawo shi, daga ƙasar Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Komadugu kaɗan take kawowa. Saboda nisan tafiya, ruwan ba ya cika a gefenmu sai da ɗari, bayan damina ta wuce da watanni. In damina ta yi kyau a kudu, Ngigmi ta ga ruwa. In ba ta yi ba, sai haƙuri.

Sa'ad da Ngigmi take bakin ruwa

Cikin shekarun 1950 da farkon 1960 an yi damuna masu albarka. A 1963 faɗin tabkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Ngigmi ta zama tashar jiragen ruwa. Mutum yakan fito daga gari ya iske ruwa a gabansa.

Har yanzu akwai tsofaffin da suka ga wannan zamani. Buduma, waɗanda suke kiran kansu Yedina, suna zuwa daga tsibirai cikin jiragen da suka ɗaure da ciyawar ruwa. Shanunsu su ne kuri, farare masu kaurin ƙaho, waɗanda sukan yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Masunta Hausawa sun zo daga yamma da sababbin taru na nailan. Ana kama giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa. Ana banda, ana ɗaurewa, ana kaiwa Maiduguri har kudancin Nijeriya. Kanwa ma ta jirgi take ƙetare tabkin.

Bakin ruwa ba na masu aiki kaɗai ba ne. Mata suna wanki suna labari. Yara suna iyo. Da maraice samari sukan gasa kifi su ci tare. Baƙon da ya zo daga tudu yakan tsaya ya yi ta kallo, don bai taɓa ganin ruwan da ba a ganin ƙarshensa ba. Babu mai biyan ko tamma don ya zauna. Barebari da Buduma da Hausawa da Tubawa da Fulani, ruwa ɗaya ya haɗa su.

Shugabanni ma sun san darajar tabkin. Ranar 22 ga Mayu 1964 ƙasashe huɗu suka kafa Hukumar Tabkin Cadi a birnin Njamena, wanda a lokacin ake kira Fort Lami. Su ne Nijar da Nijeriya da Kamaru da Cadi. Shugabanmu a lokacin shi ne Jori Hamani. Sun yi alkawari su riƙa shawara da juna a kan ruwan.

Ruwa ya tafi

Daga 1968 damina ta soma gazawa. Sai babban fari na 1973 da 1974, wanda ya kashe dabbobinmu. A 1973 wani tudu ya fito a tsakiyar tabkin, ya raba shi biyu. Kogin Shari a ɓangaren kudu yake zuba. Ɓangaren arewa, wanda shi ne namu, ba ya samun ruwa sai kudu ta cika ta tumbatsa. Cikin ƴan shekaru sai ya bushe.

Cikin shekarun nan ne kuma aka shimfiɗa hanyar kwalta daga Gure zuwa Ngigmi da taimakon ƙasar Kanada. Tsawonta ya fi kilomita 400, aka sa mata suna Hanyar Haɗin Kai. Hanya ta isa bakin tabki, ta tarar tabki ya tashi.

Farin 1984 ya ƙara tsananta abin. Ruwan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na 1963 ba. A Nijeriya kuma an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, a kan kogunan ƙasar Kano waɗanda suke ciyar da Komadugu. Ruwan da yake isowa Difa da Boso ya ƙara raguwa. Jirage suka kwanta a kan busasshiyar ƙasa. An haifi yara a Ngigmi, suka girma, ba su taɓa ganin tabkin a ƙofar garinsu ba.

Amma mutane ba su naɗe hannu ba. Taɓon da ruwa ya bari ƙasa ce mai ƙarfi. Masunta suka koma noma, suka shuka masara da wake a cikin gindin tabkin. Makiyaya suka shiga da dabbobinsu. Wasu suka bi ruwan kudu, suka kafa sababbin ƙauyuka. A bakin Komadugu noman tattasai ya bunƙasa, har ya zama arzikin jihar Difa.

Ruwa ya komo, kwanciyar hankali ta tafi

Mutane da yawa sun ce tabkin ya mutu. Bai mutu ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 damina ta gyaru, ruwa ya soma shigowa ɓangarenmu. Kifi ya dawo, masunta suka gyara taru. Hotunan da ake ɗauka daga sama sun nuna tabkin ya daina raguwa tun lokacin, ko da yake bai kai girmansa na 1963 ba. A 2019 da 2022 ma Komadugu ta yi ambaliya, ta ci gidaje da gonaki a Difa.

Sai wata masifa ta zo, wadda ba daga sama take ba. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. A watan Afrilu suka kashe sojojinmu da farar hula a tsibirin Karamga. Bayan haka hukuma ta umarci mazauna tsibirai su tashi. Dubban mutane suka fito a ƙasa cikin zafin bazara, da yara da tsofaffi, suka nufi Ngigmi da Boso. Aka hana cinikin kifi da na tattasai har wasu shekaru. Wasu daga cikin ƴan gudun hijira sun yi bukkoki a gefen Hanyar Haɗin Kai.

Abin da ya samu Gambaru a 1808 ya samu tsibiran Cadi a 2015. Ga ruwa, ga kifi, amma ba mai shimfiɗa tabarma. Da gaskiyar magabata da suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Namu na kusa

To, mu da muke nesa da Cadi, ina ruwanmu? Muna da namu bakin ruwa, ko da ƙanana ne. Duk wanda ya bi hanyar Damagaram daga Gure ya ga tabkin Gidimuni, da dabinonsa da rakensa. A ƙasar Gure da Gudumariya da Maine Sorowa akwai kwaruruka masu yawa a tsakanin tuddai. A cikinsu ruwa yana kusa, ga inuwar goriba da dabino. Nan kakanninmu suka yi gishiri da kanwa, nan ake lambu da rani. Nan ne kuma mutum yake samun sanyi in bazara ta yi tsanani.

Abokin gaban waɗannan wurare shi ne rairayi. In an sare itatuwan tudu, dabbobi suka cinye ciyawa har saiwa, sai tudu ya tashi tafiya. Iska ta riƙa tura shi kaɗan kaɗan. Ya rufe lambu, ya rufe rijiya, ya hau dabino har wuya. Tabkin Cadi yakan tafi ya komo, domin manyan koguna ne suke ciyar da shi. Amma ƙaramin kwari, in rairayi ya binne shi, da wuya ya sake fitowa.

An san maganin wannan a ƙasarmu, kuma ƙauyuka da yawa sun gwada. Ana kafa shinge na kaba da ƙirare a kan tudu, layi layi, don a karya ƙarfin iska. Da damina a dasa itatuwa a tsakani, a watsa irin ciyawa. Sa'an nan a hana dabbobi shiga har ƴan shekaru. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai manomi da makiyayi sun zauna gaban mai gari sun yarda da juna: ga burtali, ga mashaya, ga wurin da aka killace. In aka bar rigima ta shiga a kan ruwa, kowa ya yi hasara.

Akwai wani aiki kuma wanda sai mai karatu. Labarin Lari da Ngigmi ya iso gare mu ne domin baƙi sun rubuta abin da suka gani. Labarin tabkunanmu kuwa yana bakin tsofaffi. Yanzu da kuka iya riƙe alƙalami, ku je ku zauna da su. Ku tambaye su: ina ruwa yake tsayawa sa'ad da kuke yara? Wata nawa tabkin gari yake yi kafin ya ƙafe? Waɗanne itatuwa ne a bakinsa? A ina samari suke wanka, a ina mata suke wanki? Wace shekara ce rairayi ya soma shigowa? Ku rubuta amsa cikin littafinku, da sunan wuri da shekara. Ku kawo ajin yaƙi da jahilci a karanta wa kowa. In an tashi gyaran kwari, wannan takarda za ta nuna inda ya kamata a fara.

Ruwan sama na Allah ne, shi yake saukar da shi inda ya so. Shinge da dashe da zaman lafiya kuwa an bar mana su a hannunmu. Mu riƙe su da kyau, don jikokinmu su samu inuwa a bakin ruwa, su huta da abokansu in bazara ta zo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.